Tambayoyinku: kalmomin sirri na walat ɗin kirifto

Salamu alaikum jama'ar Tahoua da kewaye, satin nan kusan duk saƙonnin kan walat ne, wato aplikasiyon da ake riƙe kuɗɗin kirifto da ita, da kalmomin sirri 12 da take ba mutum ran da ya buɗe ta, to mu tahi kai tsaye.

Tambaya: Malam ni ɗan ci-rani ne a Abidjan, na zo gida Illela damina, an sace min salula a tasha, akwai USDT na wajen jikka ɗari huɗu cikin Trust Wallet. Kalmomi 12 ɗin nan na rubuta su cikin kaye. Kuɗɗina sun tahi ke nan?

Amsa: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, amma kwantar da hankalinka tunda kayen na hannunka. Daman kuɗɗin ba cikin salula suke ba, suna rubuce bisa bulokcen, wato babban littahin lissahin kirifto da ke intanet, salula makulli kawai take riƙe, shi kuma makullin daga kalmomin nan ake ƙera shi. Samu wata salula, ka sauke aplikasiyon ta gaskiya daga Play Store, ka duba sunan da kyau don jabu sun yi yawa, ka zaɓi wurin da ke cewa kana da walat tun da, sai ka shigar da kalmomin bi da bi yadda ka rubuta su, in ka juya guda biyu ma ba za ka ga naka ba. In ya buɗe ka ga 0 wurin kuɗɗin kada cikinka ya ɗuri ruwa, USDT, kuɗin kirifton nan mai bin darajar dalar Amurka, kala-kala ne gwargwadon bulokcen ɗin da yake kai, akwai na Tron da ake ce ma TRC20, akwai BEP20, akwai na Ethereum, ka kunna wanda aka turo maka. Da ka ga kuɗɗin, ka buɗe sabon walat mai sabbin kalmomi ka kwashe komi zuwa can yau ɗin nan, don ba mu san ko ɓarawon ya iya buɗe tsohuwar salular ba. In na Tron ne sai ka tanadi ɗan TRX, wato kuɗin shi Tron ɗin, na kuɗin turawa.

Tambaya: Ni hoton kalmomin na ɗauka, na tura ma kaina a WhatsApp, ai ya yi ko? Daga wata ƙanwarmu a Konni.

Amsa: Bai yi ba ƙanwata, sam. Hoto yana iya hawa Google Photos ba ki sani ba, ƙanenki ya ari salula ya gani, ki kai gyara mai gyara ya gani (ni ma sana'ata ke nan, na san abin da idonmu ke gani ko ba mu nema ba). A Fabrairun 2025 kamfanin Kaspersky ya tona wata cuta mai suna SparkCat da ta ɓuya cikin aplikasiyon a Play Store da App Store, aikinta kawai ta bi hotunan mutum tana karanta rubutu tana neman irin kalmomin nan. Share hoton ba ya wanke ki, ki buɗe sabon walat ki mayar da kuɗɗin can.

Su kuma sabbin kalmomin bik da takarda, da lamba 1 zuwa 12 gaban kowace, kwafi biyu, wuri biyu daban. To amma mu nan takarda na da maƙiya, gara na nan, ɓera na nan, ga ɗakin ƙasa in ruwan Agusta ya yi gyara sai ka ga katanga ta zauna bisa akwati. Ki naɗe ta cikin leda ki sa a gwangwani mai murfi. Mai kuɗɗi da yawa ya samu ɗan falankin ƙarfe da ƙusa ya buga da hannunshi, kada a kai ma maƙeri ko mai walda ya rubuta, ai ka ba kura ajiyar nama ke nan. Haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun isa, don a jerin na Turanci babu kalma biyu da suka fara da haruffa huɗu iri ɗaya.

Tambaya: Kalma ɗaya ruwa ya goge ta, wani a Telegram ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne, in turo sauran 11 ya gyara min.

Amsa: Ɓarawo ne, toshe shi. Ba kamfanin walat da ke tambayar kalmominka. Kuma mi ya sa yake son 11? Don ya san gano wadda ta ɓace ba wuya. Tsarin kalmomin walat da ake kira BIP39, wanda aka fito da shi a 2013, kalmomi 2048 ne kawai cikin jerin, ke nan in ka san gurbin da ta ɓace gwaji 2048 ne iyaka, kuma akwai lissahin tantancewa cikin kalmar ƙarshe da ke zubar da mafi yawansu, na kalmomi 12 kusan ɗaya cikin 16 ke wucewa. In harafin farko na ɗan fitowa ka buɗe jerin ka duba da ido. In bai yiwu ba akwai BTCRecover, wani program na kwamfuta da ke gwada kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a yi shi bisa kwamfutar da aka cire ma intanet, kana zaune wurin. Wanda duka kalmomin suka ɓace mai kuma salular ta tahi, wannan kam sai haƙuri. Binance, kasuwar kirifto ta intanet, daban take, can su ke riƙe da makulli, da imel da katin ɗan ƙasa kake dawo da asusunka.

Tambaya: Ɗana, in na mutu fa, ya iyalina za su yi? Wani dattijo ɗan kasuwa daga Madaoua.

Amsa: Allah ya ƙara nisan kwana Alhaji. Wanga dukiya ce, gado ya hau kanta kamar shanu da gona, amma ba alƙalin da zai iya buɗe ta in ba kalmomin. Ka rubuta cikin wasiyya cewa akwai walat, sunan aplikasiyon, irin kuɗɗin da ke ciki da inda takardar take, su kalmomin kansu su zauna cikin ambulan a liƙe. Wasu na raba su shida-shida ga mutum biyu, ni ban so, ɗaya ya ɓatar da nashi shi ke nan an yi biyu babu. Kahin ka liƙe ambulan ɗin ka gwada kalmomin bisa wata salula taka ka ga walat ɗin ya buɗe, sannan ka goge shi daga can, kuma ka zaunar da babban ɗanka ka nuna mishi yadda ake shigarwar da wani walat na gwaji mai jikka guda ciki.