Amsa ga mai tambaya kan gyaran tsofaffin murhunan gashi na gas

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an yi maka tayin tsofaffin murhunan gashin nama na gas guda uku, irin masu murfi da taya da ke zuwa cikin kayan Kwatano, kana son sanin ko akwai riba idan ka gyara ka sayar a nan Birnin Kebbi, da abin da ya kamata ka duba kafin ka biya. Na daɗe ina wannan harka, daga gyaran murhun girki na shigo ta, to ga abin da na sani.

Riba akwai ta, amma tun a wurin saye ake samunta ko a rasa ta. Kada murfi mai sheƙi ya ja ka. Ɗaga murfin, kwashe ragar da duk ƙarafan da ke ciki, ka tsaya a kan akwatin wutar kansa, domin shi kake saye. Idan na zubin alminiyam ne, kamar yadda ake samu a yawancin na kamfanin Weber, to ka dace, ba ya tsatsa, datti ne kawai, sai dai ka duba ko ya tsage ko zafi ya lanƙwasa shi har murfi ba ya zama. Idan kuma na falle ne, sa sukundireba ka danna gindinsa da kusurwoyinsa. In ya burma, bar musu kayansu, ko ka saya a kuɗin gwangwan don ka cire kaya. Je da maganaɗisu a aljihu. Ƙarfen sitenles mai kyau ba ya kama maganaɗisu sosai, mai araha kuwa caf yake kamawa, kuma shi ne damina ɗaya ke fara ci. Kwantar da murhun ka leƙa ƙafafu da inda taya take, nan ruwa ke kwanciya.

Abu na biyu, kuma shi ne wanda ya fi damuna don mutane ba sa kula da shi: nemi ɗan farantin bayanin da ke manne a baya ko cikin ƙofa. A Amurka iri biyu ake ƙerawa. Akwai wanda aka rubuta wa LP, na gas ɗin tukunya irin namu, akwai wanda aka rubuta wa NG, na gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje. Ramin nozul ɗin na bututu, wato ɗan bakin da gas ke fitowa ta cikinsa, ya fi faɗi. Idan ka jona masa tukunyarmu, wuta za ta tashi ja, doguwa, ta lashe murfi, ta narkar da makunni. Ana iya sauya nozul ɗin, amma sai ka samu daidai girmansa, ba wai a toshe rami da dalma a sake huda shi da allura ba kamar yadda wasu ke yi. Wannan ganganci ne da ran mutane. Haka kuma kan da ke zuwa da na Amurka ba ya shiga bakin tukunyarmu mai kilo 12.5, dole ka sauya regileta. Na Amurka yana aiki ne a wajen miliba 28 (ma'aunin ƙarfin turin gas ke nan), shi ya sa ƙaramar regiletar girki ta gida mai 28 zuwa 30 take yi masa daidai. Wanda aka yi don Jamus kuwa miliba 50 yake so, da tamu za ka ga wutar ta yi sanyi. Babbar regileta mai murɗawa da masu dafa abincin biki ke sa wa manyan murhunansu, kada ka kuskura ka haɗa ta da shi.

Ni a wurina tiyo, regileta da maɗaurin tiyo ba a gyara su, sababbi ake sa wa kowane murhu, ko da tsohon ya yi kyau a ido. Zafin da muke sha a watan Maris da Afirilu, da ya kan haura digiri 40, busar da roba yake ta tsattsage ta inda ba ka gani. Bayan ka haɗa, kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, shafa a kowace mahaɗa, buɗe tukunya alhali makunnan suna rufe. Duk inda kumfa ta kumbura tana girma, akwai yoyo. Ba da ashana ake gwaji ba.

Bututun wuta kuwa, sau da yawa lafiyarsa ƙalau, toshewa kawai ya yi. Zare shi ka ɗaga wajen rana ka leƙa ta bakin da iska ke shiga. Za ka tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, ya bushe ƙam, ko saƙar gizo ta haɗu da ƙurar hunturu ta zama kamar auduga. Wannan ne ke sa wuta ta dawo baya ta ci ta wajen makunni. Zura waya ka farfasa, buga shi a ƙasa, wanke, busar, sannan ka bi ƙananan ramukan ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya ba tare da ka faɗaɗa su ba. Idan an gama wutar ta fito shuɗiya, gajera, a jere tun daga farko har ƙarshe. Bututun da ya tsage a tsaye ya gama aiki.

Ƙarafan nan masu kamar rufin ɗaki da ke kan bututun, masu tare maiƙo, kusan kullum a ruɓe suke zuwa. Mai walda zai lanƙwasa maka sababbi, amma ka tsaya a kansa kada ya yanko kwanon rufi ko wani ƙarfe mai rufin zinki, hayaƙinsa guba ne in ya ji wuta. Fenti mai jure zafi a waje kaɗai, ciki kankarewa ake yi a bar shi. Raga ta baƙin ƙarfe a goge tsatsa, a shafe da man gyaɗa, a ƙona. In ka yi amfani da burushin ƙarfe, bi da tsumma sosai, don silin waya ɗaya da ya maƙale a nama ya isa ya kai mutum asibiti.

Sai batun masu saye, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa ke ɓaci. Mai tsire da mai balangu ba za su saya ba, ƙamshin itace da gawayi shi ne sana'arsu, kuma suna da gaskiya. Kasuwarka tana wurin masu gasa tarwaɗa da karfasa da yamma, masu gasa kaji, otal-otal, matan da ke karɓar kwangilar abincin biki, da ma'aikatan da ke son gashi a gida ba hayaƙi. An fi nema gab da Babbar Sallah. Kaya ne mai jinkirin fita, tun rufe boda na 2019 ma bai ƙara yin araha ba, saboda haka kada ka zuba jarinka duka. Ni ba na biyan abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da nake sa ran sayarwa, don kayan gyara da mai walda da ɗan dako za su ci nasu.

Ranar sayarwa a gaban mai saye nake kunnawa, murfi a buɗe, in jera yankan burodi a kan raga na ɗan lokaci in juya su, ya ga da idonsa inda ya fi zafi da inda ya yi daidai. In nuna masa gwajin kumfa, in duba shekarar da ke jikin tukunyarsa, tunda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta ce shekara 15 ne wa'adinta, in kuma ja masa kunne kada ya kwantar da ita ko ya bar ta a rana.

Waɗannan ukun da aka yi maka tayi, ɗauko mana hoton farantin bayanin kowanne, da cikin akwatin bayan an kwashe raga, da ƙasan ƙafafun. Mai yiwuwa biyu za ka tayar, na ukun ya ba ka makunni da taya. Allah ya sa albarka a nema.