Amsa kan asalin laburaren birnin New York

Malam, ka tambaya ko gwamnati ce ta kafa laburaren jama'a na New York. A'a, dukiyar attajirai ce tushensa. A 1895 aka haɗe laburaren Astor da na Lenox da gadon da Samuel Tilden ya bari, suka zama abu ɗaya. Amma a ganina kyautar Andrew Carnegie ta 1901, dala miliyan 5.2, ita ta kai littafi unguwanni. Ya biya kuɗin gina rassa, da sharaɗin hukumar birni ta ba da fili ta ɗauki nauyin gudanarwa. Babban ginin mai zakuna biyu a bakin ƙofa, a 1911 aka buɗe shi. Kada ka ruɗe, Brooklyn da Queens, gundumomi biyu na birnin New York, kowacce laburarenta daban.