Tikitin Guangzhou mai araha: a hannun wa takardarka take, Alhaji?

Wani ɗan kasuwa mai harkar takalma da jakunkuna a Kasuwar Sabon Gari, Zariya, ya aiko da tambaya. Yana zuwa saro kaya Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma a da wani wakili ne a Kano ke yankar masa tikiti. Sai ɗan ƙaninsa da ke karatu a Samaru ya nuna masa cewa jirgi ɗaya, rana ɗaya, farashinsa a shafin sayar da tikiti na Najeriya daban, a na ƙasashen Larabawa daban. Yaron ya samo masa ragin kusan naira 180,000, ya biya da katin dalarsa, ya turo masa hoton tikitin ta WhatsApp. A dawowa aka caji Alhaji kuɗin jaka ta biyu, da ya nemi ɗage ranar dawowa kuma kamfanin jirgin ya ce ya koma wurin wanda ya sayar masa. Yana so ya san shafin da ya fi kowane araha, kuma yana tunanin zuba wa yaron jari su riƙa yankar wa 'yan kasuwa tikiti suna cin bambancin.

Alhaji, ba zan ba ka sunan shafin da ya fi araha ba, domin babu shafin da ke riƙe wannan matsayi ko da na mako guda. Kuskurenka a wani wuri yake. Ka fitar da kuɗin da ya haura miliyan, abin da ke hannunka kuma hoton fuskar wayar wani ne. Imel ɗin da aka yi rajista da shi nasa ne, lambar waya tasa ce, katin da ya biya nasa ne. A shagonka ko kwalin takalma ɗaya ba ka bari a sauke sai ka ga rasit ka ƙirga, to don me tikitin da duk tafiyar ta rataya a kansa zai wuce ba ka ga sharuɗɗansa ba? Ba na zargin yaron da komai. Ya yi abin da ya iya, ya nemo lamba mafi ƙanƙanta. Shi bai taɓa tsayawa gaban sikeli da jaka biyu cike da samfur ba, saboda haka bai san abin da ake dubawa ba.

Bambancin farashin gaskiya ne. Kamfanonin jiragen sama suna raba kujerun aji ɗaya zuwa rukuni-rukuni, kowane da farashinsa da ƙa'idarsa, kuma ƙasar da aka sayi tikitin da irin kuɗin da aka biya suna shafar rukunin da za a nuna maka. A 2022 da 2023, lokacin da kuɗaɗen kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, da yawansu sun rufe rukunan masu sauƙi ga mai saye da naira. Emirates ma dakatar da zuwa Najeriya ta yi a 2022, ba ta dawo Legas ba sai Oktoban 2024. A wancan lokacin wanda ya sayi tikiti ta waje ya ci riba sosai. Daga 2024 kamfanoni suka fara sake buɗe rukunan, tazarar ta ragu. Yawancin labaran ragin da kake ji a majalisa na wancan zamanin ne.

Mu yi lissafin naka. A ce tikitin dala 1,000 ne, dala kuma tana naira 1,500. Katin dalar da ake buɗewa a manhaja ba ya sayar da dala a farashin da ka gani a labarai. In ya ɗora naira 40 kan kowace dala, naira 40,000 ta tafi kafin a zo ga kuɗin cika katin. In shafin da riyal ko dirhami yake caji, an yi maka canji sau biyu ke nan. Sannan jaka. Tikitin da wakilinka ya saba yankar maka mai yiwuwa yana da jaka biyu masu kilo 23 kowace, wannan na arahar kuwa jaka ɗaya ya ƙunsa. Ƙarin jaka a doguwar tafiya sau da yawa yakan haura dala 100, musamman in a bakin kanta aka biya, wato naira 150,000 ko fiye. Haɗa su ka ga 190,000. Ragin 180,000 ya ƙare tun kafin a yi maganar ɗage rana. Araha ba ta ado.

Kwatanta farashi yana da amfani, amma a kan takarda ake yin sa, kuma kai za ka zauna a kansa. Buɗe Google Flights ko Skyscanner don ganin yadda kasuwar take, sannan ka duba shafukan da ke sayarwa a Najeriya irin su Wakanow da Travelstart, da na waje irin su Wego ko Trip.com, da shafin kamfanin jirgin kansa, ka kuma kira wakilinka na Kano. Duk a yini ɗaya, domin farashi yana motsi cikin sa'o'i. Kowanne ka bi shi har zuwa shafin biya na ƙarshe, nan ne kuɗin hidima ke fitowa. Ka rubuta jimillar da za ta fita daga asusunka da naira, yawan jaka a zuwa da dawowa, kuɗin canza rana, da abin da za a mayar maka in tafiyar ta fasu. Wanda bai nuna maka waɗannan a fili ba, ka cire shi daga lissafi.

Mutumin Zariya yana da ƙarin layi ɗaya a takardar nan, domin ba daga Zariya yake tashi ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano ya fi na Abuja da Legas kusa, kana iya barin gida da safe ka kama jirgin rana. Tikitin da ya tashi daga Abuja ko Legas yakan nuna ƙaramar lamba, amma ka saka kuɗin mota ta Kaduna, da kwanan otal in jirgin na sassafe ne. In Legas ce, ga jirgin cikin gida wanda ba ya ba da nauyin da na waje ke bayarwa, kayan da suka taho kyauta daga Sin sai ka biya musu tsakanin Legas da Arewa.

Abin da ya fi cin 'yan kasuwa shi ne tikiti biyu da aka ɗinke su suka zama kamar ɗaya. Shafi zai nuna maka Kano zuwa wani birni da kamfani ɗaya, daga can zuwa Guangzhou da wani kamfanin, a farashi mai daɗi. Ba a gaya wa mai saye da babbar murya cewa shi zai karɓi jakarsa a tsakiya ya sake shigar da ita, abin da kan buƙaci bizar ƙasar. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, babu mai ɗaukar alhaki. Mutum kan kwana a filin jirgi ya sayi sabon tikiti a farashin ranar, kuma da yake ya rasa zangon zuwa, kamfani ya soke masa na dawowa. In Ethiopian ce ta Adis Ababa, ko EgyptAir ta Alƙahira, ko Qatar Airways ta Doha, kuma duk zangunan a tikiti ɗaya suke, kamfanin ne zai saka ka a jirgi na gaba.

Yanzu ga abin da dole ya kasance a hannunka. Akwai lambar rajista mai haruffa da alƙaluma 6, akwai kuma lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ta farkon kaɗai ba ta nuna an biya, ajiyar kujera ce da za ta iya faɗuwa. Ta biyun ce tikiti, kuma alƙaluma ukun farko suna gaya maka kamfanin da ya fitar: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar. Shiga shafin kamfanin jirgin da lambar rajista da sunanka na ƙarshe, ka ga tafiyar da idonka, ka tabbata sunan ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi. Imel da lambar waya su zama naka, domin nan ake aiko da sanarwar canjin lokaci. Kuɗin da aka mayar kuwa katin da ya biya yake komawa, wasu kamfanonin ma sukan nemi ganin katin a filin jirgi. Ka ga dalilin da ya sa katin ɗan ƙaninka bai dace da tafiyarka ba.

Batun buɗe masa harka, ka ajiye shi. Bambancin da kuke hange yau yana nan, gobe babu, amma alhakin da za ku ɗauka tabbatacce ne. Duk wanda aka hana shiga jirgi ƙofar shagonka zai zo, kai kuma ba ka da ikon canza masa komai, tunda shafin waje ne ya fitar da tikitin. Sannan masu wannan harka ba da rajista ba sukan faɗa hannun masu tallar tikitin rabin kuɗi, wanda da katin sata ake saye, a soke shi ranar tafiya. In yaron yana son sana'ar da gaske, ya je ya yi aiki a ƙarƙashin wakili mai rajistar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ya koyi ƙa'idojin tikiti tukuna.

Ragin da ya fi tabbas a wajen zaɓen lokaci yake. Baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba yana ɗaga kuɗin jirgi da na masauki, a hutun sabuwar shekarar Sinawa kuma, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu a rufe suke. In ba baje kolin ne ya kai ka ba, ka kauce wa waɗannan makonni, ka yanki tikiti da zarar biza ta fito. Tafiya mai zuwa ka kira yaron ya zo shago ya yi maka binciken a gabanka, kai ka riƙe biro da takarda, in bambancin da ya rage tsakanin shafin waje da wakilinka bai kai kuɗin jaka ɗaya ba, ka saya a wurin wanda za ka iya kira daga Guangzhou da tsakar dare ya ɗaga.