Ni na gogi motar maƙwabcinmu, amma maigadi ake cire wa albashi

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya jama'a? Yau kwana tara ke nan ba na iya barcin kirki, kuma ko Abban yara ban iya faɗa wa ba.

Muna zaune a wani layi a Kano mai ƙofa ɗaya, muna da maigadi da muke haɗa kuɗi muna biya. Ranar Asabar ɗin waccan da magariba na fito da motar Abban yara zan ɗauko yara daga Islamiyya. Ina yin ribas sai na ji ƙaras. Ashe motar maƙwabcinmu Alhaji ce, Corolla ruwan azurfa, a fake jikin katanga. Kusurwar bambarmu ta baya ta lotsa masa ƙofar baya kamar faɗin tafin hannu biyu, ta ja karce har bayan taya, fitilar bayansa kuma ta tsage. Kowa yana masallaci. Jikina ya ɗau rawa, na ja mota na tafi. Da na dawo na sa tsumma na goge bambarmu.

Washegari Alhaji ya ɗora wa Baba maigadi, wai shi ya bar mai kurar ruwa ya shigo ya daki motar. Ya ce gyaran naira dubu 150 ne, za a riƙa cire dubu 10 duk wata daga albashin Baba, albashin da duka-duka dubu 30 ne. Baba ya rantse bai ga komai ba, an ce ƙarya yake. Kullum shi ke buɗe mini ƙofa yana gaishe ni.

Anti, ina tunanin in aika wa Alhaji kuɗin ta hannun wani ba tare da suna ba, ko in riƙa mayar wa Baba abin da aka cire masa. Ina tsoron Abban yara ya hana ni tuƙi, ina tsoron Alhaji ya tsawwala ko ya kai ni wurin 'yan sanda. Tunda ba da gangan na yi ba, akwai laifi a kaina? Takardar inshorar da ke cikin motar za ta yi wani amfani?

Maman yara uku, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba ki lada da zuciyarki ta ƙi kwanciya a kan haƙƙin wani. Amma maganar aika kuɗi a ɓoye ki ajiye ta gefe. Kuɗin zai gyara ƙofar Alhaji, Baba kuwa zai ci gaba da zama maƙaryaci a idon mutanen layi, kuma maigadin da aka taɓa cewa ya yi ƙarya, duk abin da ya ɓace gobe kansa za a fara waiwayowa. Haƙƙi biyu ne a wuyanki yanzu, dukiyar Alhaji da mutuncin wannan dattijo, kuma na biyun ya fi nauyi, kullum ƙaruwa yake.

Gogar da kika yi kuskure ce, babu zunubi a cikinta. Sai dai malaman fiƙihu sun ce a kan dukiyar mutane kuskure da ganganci ɗaya suke wajen biya. Lokacin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta fasa akushin da aka aiko da abinci, Annabi (SAW) ya sa an mayar wa mai shi da wani akushin lafiyayye. Shirun kwana tara kuwa, ana cewa Baba ya yi ƙarya kina ji, wannan ya fita daga babin kuskure, kuma shi ne abin da za ki nemi gafarar Allah da yafiyar Baba a kansa.

Abban yara za ki fara faɗa wa, yau da dare. Motarsa ce, takardun da sunansa, kuma shi zai zauna da Alhaji. Kada ki yi doguwar shimfiɗa. Ki ce: ni na gogi motar Alhaji ranar Asabar, tsoro ya sa na yi shiru, yanzu za a cire kuɗin Baba, ina so ka kai ni mu faɗi gaskiya. Zai yi faɗa, wataƙila ya karɓe makulli na ɗan lokaci. Wannan ya fi a ce shi da kansa ya gano ruwan azurfa a bambarsa, ko wani yaro da ya gan ki ya furta a majalisa.

Kafin ku je, da safe a ɗauki hoton bambarku da rana, kusa da nesa, kuma kada a sake goge ta ko a kai ta fenti. A sa tef a auna daga ƙasa zuwa inda ta karce. In kun je a auna lotsawar ƙofar Alhaji, za ku ga tsayin ya zo ɗaya. Wannan awon yana wanke Baba da mai kurar ruwa nan take, kuma yana kare ku, domin duk wani karce da ke sama ko ƙasa da wannan layin, ko a ɗaya gefen motar, ba naku ba ne. Sabon karce gefensa a kaifafe yake, ƙarfen cikinsa yana sheƙi. Tsohon karce za ki ga tsatsa ja da ƙura sun zauna a ciki.

Ku same shi a gida bayan isha'i, tare da limamin masallacinku ko mai unguwa, kafin ƙarshen wata ya zo a taɓa albashin Baba. Ke ki ba da haƙuri da bakinki, kalma biyu sun isa, sauran maganar ki bar wa maza. Kada wani ya kawo zancen cewa Alhaji ya faka motarsa a inda bai dace ba, ko da hakan ne. Motar da ke tsaye ba ta bugi kowa ba, kuma wannan maganar ce ke mayar da sulhu rigima.

Dubu 150 ɗin nan kada ku karɓa, kada ku musa. Ku nemi a kai motar wurin masu gyaran jiki biyu, nasa da naku, kowa ya rubuta kuɗinsa kashi-kashi: aikin ƙarfe nawa, fenti nawa, fitila nawa. Ga abin da za ku duba don kada a cuce ku, kada kuma ku ba Alhaji aikin da zai lalace bayan damina ɗaya.

Fentin mota hawa uku ne a kan ƙarfe: farama a ƙasa, launi a tsakiya, sai mai sheƙi a sama. A jiƙa karcen da ruwa. Inda ya ɓace da ruwa, saman ne kawai ya taɓu, kuma goga da man folish zai fitar da shi. Yawancin baƙin layin da ake gani ma fentin bambarku ne ya manne, zai fita. Inda farce ke maƙalewa, ko ana ganin toka-toka ko farin ƙarfe, nan dole a yi fenti, kuma kada a daɗe, domin ƙarfen da ya bayyana tsatsa yake kamawa.

Ƙofar ita ce babban aikin. Mai gyara nagari zai cire marfin cikin ƙofar ya turo ƙarfen daga baya, ko ya jawo shi daga waje, har ya kusa komawa daidai, sannan ya shafa fila siriri, kamar milimita 2 zuwa 3, don cike ɗan abin da ya rage. Mai gaggawa kuwa barin ramin yake ya cika shi da fila mai kauri. Ranar karɓa za ta yi kyau, amma ƙofa kullum buga ta ake, ga zafin rana, bayan wasu watanni sai wurin ya tsattsage, Alhaji ya dawo kanku. Abban yara ya je ya ga aikin ƙarfen da idonsa kafin a shafa fila. In an gama, a ɗora ƙaramin maganaɗisu a wurin: in ya ƙi kamawa, filar ta yi kauri. A kuma gwada gilashin ƙofar yana hawa da sauka ba tare da gogar komai ba, makullin yana kamawa, tazarar da ke tsakanin ƙofar da jikin mota ta yi daidai da ta ɗaya gefen, sannan a watsa ruwa a ga ko yana shiga ta roba.

Ruwan azurfa yana daga cikin launukan da suka fi wuyar haɗawa, saboda ƙananan ƙyalƙyalin da ke cikinsa suna canja haske gwargwadon yadda aka fesa. Kada a haɗa fenti da ido. A motocin Toyota akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, inda aka rubuta C/TR, haruffa ukun farko da ke biye da shi su ne lambar launin, misali 1F7. Da ita za a haɗa, a fesa a wani guntun ƙarfe a kara da motar a rana kafin a taɓa ƙofar. In mai fenti ya ce sai ya fesa ƙofar gaba ɗaya ya kuma ɗan shiga jikin da ke kusa da ita don launin ya saje, gaskiya ya faɗa, ba tsawwalawa ba ce. In aka ce a fesa duk motar, wannan ba ya kanku.

Fitilar da ta tsage canja ta za a yi. Gam da salatif ba sa hana ruwa shiga, ruwan kuma yana ƙona ƙwan fitilar ya lalata soket. A cire tsohuwar a tafi da ita kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa, domin fitilar Corolla tana bambanta daga shekara zuwa shekara, kuma ta dama daban ta hagu daban. In tasa ta asali ce, a saya masa ta asali ko da ta hannu ce mai lafiya, a duba kunnuwan da ake ɗaure ta da su ba su karye ba. Ba adalci ba ne a fasa masa ta asali a mayar masa da mai arha da za ta dushe cikin shekara.

Inshora kuwa tana da amfani in ta gaske ce. Wadda doka ta wajabta wa kowace mota an yi ta ne domin irin wannan, wato ɓarnar da ka yi wa wani. Tun daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira dubu 15 a shekara ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Ba ta gyara bambarku, ta Alhaji kawai za ta duba. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, musamman in wani aka ba ya sabunta takardun mota. Abban yara ya shigar da lambar motar a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet. In sunan kamfani ya fito kuma wa'adin bai ƙare ba, ya kira su gobe da safe kafin a sa hannu a kan komai, domin ƙa'idarsu ita ce a sanar da su da wuri, kuma kada a yi alkawarin biya ba da saninsu ba. Za su nemi hotuna, takardar kuɗin gyara, lasisinki mai aiki, sau da yawa har da rahoton 'yan sanda. Kwana tara jinkiri ne da za su iya kafa hujja da shi, kuma biyansu yana ɗaukar lokaci. Saboda haka wanke Baba kada ya jira inshora ko kwana ɗaya.

Maganar 'yan sanda, barin wurin haɗari ba tare da sanarwa ba laifi ne a dokar hanya, ban ɓoye miki ba. Amma babu wanda ya ji rauni, kuma ke kika kawo kanki da niyyar biya. Irin wannan a zaure yake ƙarewa, domin abin da mai mota ke so motarsa ce ta dawo yadda take. In ya ce sai an je ofis, ku je tare da lasisi da takardun mota, a rubuta sulhun a can.

Ko a ina aka sasanta, a rubuta. Takarda ɗaya ta isa: ranar da abin ya faru, lambobin motocin biyu, wuraren da suka lalace guda uku, wanda zai yi gyaran, adadin kuɗin, da cewa in an gama Alhaji ya duba ya karɓa magana ta ƙare. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ya fi kyau a biya mai gyaran kai tsaye ta banki, rabi a farko don sayen kaya, rabi bayan an duba aiki. In kuɗin ba zai samu lokaci ɗaya ba, ku faɗa tun a zaman farko a rubuta ranakun biya. Gyaran zai iya riƙe motar kwana uku zuwa mako, don haka ku yi masa tayin kai yaransa makaranta ko kuɗin adaidaita sahu a waɗannan kwanakin, ko da zai ce a bar shi.

Kada ki daina tuƙi saboda wannan. Magariba ce lokacin da ido ya fi yaudarar direba, haske ya tafi, fitila kuma ba ta fara amfani sosai ba. Kafin ki yi ribas a matsattsen layi ki zagaya motar da ƙafa, ki sauke gilashi, ƙafarki a kan birki ba totur ba, in wurin ya matse ki sa wani ya tsaya inda kike ganinsa ta madubi.

Kafin ku tashi daga zauren Alhaji, ku roƙe shi a kira Baba. A gaban liman za a gaya masa an gano ba shi ba ne, ke kuma ki nemi yafiyarsa. In an riga an cire masa ko sisi, a mayar masa a wurin, daga aljihunku. Sannan ku roƙi liman ya faɗa wa mutanen layi bayan sallar asuba cewa Baba gaskiya ya faɗa, domin a gabansu aka ce ya yi ƙarya.

Antinku