Takardu tukuna, kwamfuta daga baya

Tambayarka tana kan hanya, ɗana. Ka ce me ya sa na maida yaron nan na gungun Sinder gida ban cika masa neman bursar Turkiyya, wato tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, a intanet ba, alhali ya biya kwalekwale, ya biya mota daga Tillaberi har Yamai. Ajiye wayar nan ka saurara.

Ka duba takardunsa kuwa? A takardar haihuwa an rubuta sunan uba Mahamadou, a takardar maki ta lise Mohamed, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Ni da kai mun san mutum ɗaya ne. Wanda zai buɗe dosiyen a Ankara bai san haka ba, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba, gefe zai ajiye shi. Tela ba ya sa almakashi sai ya gama awo.

Wannan matsala ta fi yawa wurin ƴaƴan gungu. A gida ake haihuwarsu, ofishin magajin gari yana ƙetaren ruwa, wa'adin rajista ya wuce ba wanda ya je. Sai jarrabawa ta matso a ruga kotu a nemo hukuncin da ke maye gurbin takardar haihuwa, a sa shekara da ƙiyasi, sau da yawa ma 1 ga Janairu. To, Turkiyya ba ta karɓar mai neman digirin farko sai yana ƙasa da shekara 21. Yaron da ya shiga lakwal a makare, ko aka ƙara masa shekara bisa kuskure, ƙofa ta rufe tun bai ƙwanƙwasa ba. Kuskuren rubutu kotu ke gyara shi. Kai dai kada hannunka ya taɓa lamba ko ɗaya a takardar wani, ko da uban ya roƙe ka da Allah da Annabi. Ranar da ka yi haka, ka bar shagona.

Sai maki. Suna neman kashi 70 cikin 100, kwatankwacin 14 bisa 20 a lissafinmu, likitanci kuwa kashi 90. Kusan duk uban da ya shigo nan likita yake so. Gaya masa gaskiya cikin ladabi, ka nuna masa aikin gona, injiniyan ruwa ko likitan dabbobi.

Lokaci kuma mugu ne. Ana buɗe shafin neman bursar daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tun ba a zauna bak, jarrabawar ƙarshen lise, ba, don haka da makin azuzuwan baya ɗan ajin ƙarshe zai nema. Daidai lokacin ne ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ke cika kogi, zuwa ɗauko takarda guda sai ya ci wuni da kuɗin da babu. Shi ya sa nake so mu fara da su tun Oktoba da an koma lakwal, mu rubuta musu duk abin da za su kawo a tafiya ɗaya.

Imel kuwa, kowane yaro da nasa, da lambar sirri a rubuce a hannunsa. Kada ka sa naka don sauƙi. Kiran ganawa ta nan yake zuwa, kuma waya ba ta kamawa kullum a gungu, sai ka karɓi lambar kawu ko gwaggo da ke nan Yamai, wadda za a samu ko da dare.

Wasiƙar dalilin neman karatu ita ce inda na fi faɗa da masu sana'armu. Su kwafo guda daga intanet su canza suna, yara goma kowa "tun ina ƙarami nake mafarki". Bari yaro ya rubuta da kansa, kai ka gyara Faransancin kawai. Wanda ya ga dorina ta cinye gonar shinkafar gidansu a dare ɗaya, ko ya ga an ɗora mai naƙuda a kwalekwale, yana da abin faɗa da ɗan unguwar Filato ta nan Yamai ba shi da shi. Kuma ranar ganawa a kan abin da ya rubuta za a tambaye shi.

Na Maroko da Aljeriya hanyarsu daban, ta hannun gwamnati suke biyowa, sai a sa kunne ga sanarwar ANAB, hukumar ba da bursa ta ƙasa. Nan za a nemi kwafi masu hatimin hukuma. Takardar shaidar rashin laifi wata uku take yi ta mutu, kada ka sa su nemo ta da wuri.

Neman na Turkiyya kyauta ne. Mu kuɗin bugu da sikan da zamanmu muke karɓa, ka faɗa wa uban adadin tun kafin ya zauna. In ya tambaye ka ko ɗansa zai samu, ka ce ba mu ke bayarwa ba.