Tambayoyi da Amsoshi: Inda Ɗalibin Mulki da Gudanarwa Zai Samu Maƙalu da Alƙaluma

Tambayoyin wannan karon sun fito ne daga ɗaliban digiri na biyu da na digirgir a fannin gudanar da harkokin gwamnati. Na haɗa masu kama da juna wuri guda.

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digirina na biyu kan yadda ƙananan hukumomi ke tara haraji. Duk maƙalar da na gano a intanet, da na danna sai a ce in biya kafin in karanta. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka biya tukuna. Da farko ka bar Google na yau da kullum ka koma Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004 domin rubuce-rubucen ilimi kaɗai. In sakamako ya fito, duba gefen kowace maƙala. Idan ka ga alamar PDF, kyauta ce. Idan babu, kalli ƙasan maƙalar, akwai ɗan rubutu da ke cewa "All versions". Danna shi. Sau da yawa marubucin ya ajiye kwafinta a rumbun jami'arsa ko a SSRN, wani shafin intanet da masu bincike ke ajiye maƙalunsu, kuma wannan kwafin halal ne ka sauke shi.

Kusa da shi akwai "Cited by", kuma a ganina shi ne abu mafi amfani a shafin gaba ɗaya. Yana nuna maka duk wanda ya ambaci maƙalar bayan fitowarta. Gwada da maƙalar Woodrow Wilson ta 1887 kan nazarin gudanar da mulki, wadda kusan kowane malami a fanninku ke farawa da ita. Za ka ga dubban ayyuka sun fito. Sai ka sa alama a ɗan akwatin da ke taƙaita bincike a cikinsu, ka rubuta kalmomin da suka shafi haraji, ka zaɓi shekarun baya-bayan nan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: maƙala ɗaya mai kyau za ta jawo maka waɗanda babinka na biyu, na bitar ayyukan da suka gabata, ke bukata.

Na biyu, ka je ɗakin karatun jami'arku ka nemi ma'aikacin sashen intanet. Abin yana damuna ƙwarai yadda ɗalibi zai gama digiri bai taɓa taka wannan ofis ba, alhali jami'o'i da yawa sun riga sun biya kuɗin shiga manyan rumbuna a madadinsa. Tambaye shi ko kuna da JSTOR, ko kuna cikin Research4Life. Shi Research4Life shiri ne na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin wallafa domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Makaranta ce ke rajista, ba ɗalibi ba, sannan ita ke ba da sunan shiga da kalmar sirri. Ɓangarensa mai suna GOALI, wanda aka fara a 2018, ya shafi shari'a da fannonin da ke maƙwabtaka da ita, don haka ya fi kusa da ku. Ko jami'arku ba ta da JSTOR, buɗe asusu na kanka kyauta yana ba ka damar karanta maƙala 100 a wata a kan shafin, sai dai ba ka da ikon saukewa.

In duk sun faskara, rubuta wa marubucin imel. Adireshinsa yakan kasance a shafin maƙalar. Layi uku sun isa: ko kai wane ne, me kake bincike a kai, da roƙon kwafi. Yawancinsu murna suke yi.

Tambaya: Ina son kwatanta ingancin aikin gwamnati a ƙasashe uku. A ina zan samu alƙaluman da malamina zai yarda da su?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da Worldwide Governance Indicators na Bankin Duniya. Alƙalumansa sun faro daga 1996, sun shafi ƙasashe da yankuna sama da 200, a kan ma'auni shida: 'yancin faɗar albarkacin baki da bin kadin shugabanni, zaman lafiyar siyasa, ingancin aikin gwamnati, nagartar ƙa'idojin hukuma, bin doka da oda, da daƙile cin hanci. Ana sauke su a fayil ɗin Excel kyauta. Amma ki lura da abu guda, domin masu jarrabawa na yawan tsayawa a kansa: waɗannan alƙaluma an tattaro su ne daga ra'ayoyin ƙwararru da na mutanen da aka yi wa tambayoyi, ba ƙirge ne na ayyukan da gwamnati ta yi ba. Kowane maki yana zuwa da iyakar kuskurensa a gefe. Idan ƙasashe biyu sun yi kusa da juna, kada ki rubuta cewa wannan ta fi waccan sai kin duba wannan iyakar.

Idan aikinki ya taɓo gudanar da mulki ta intanet, Majalisar Ɗinkin Duniya na fitar da rahoto a kai duk bayan shekara biyu, wanda ya ƙunshi ƙasashe 193 mambobinta. Wajen tantance alƙaluman kuwa, in kuɗin lasisin manhajar SPSS ya yi miki yawa, sauke manhajar jamovi a kwamfuta. Kyauta ce, kuma tana buɗe fayilolin SPSS.

Tambaya: Na karanta maƙalu da yawa, yanzu na zo rubuta manazarta na rasa inda na ɗauko wasu maganganun. Akwai manhajar da ke taimakawa?

Amsa: Akwai, Zotero, kuma kyauta ce. Ka girka ta a kwamfuta, ka ƙara ɗan mahaɗinta a burauzarka. Duk lokacin da ka buɗe shafin maƙala, danna alamarsa a saman burauza. Za ta kwashe sunan marubuci, shekara, sunan mujalla da lambobin shafi, har da PDF ɗin in yana samuwa. Waɗanda ka riga ka tara a kwamfuta, jawo su ka jefa cikinta, za ta yi ƙoƙarin gano bayanansu da kanta. A cikin Word kuma za ka ga ta ƙara nata sashen a sama. In ka zo inda za ka kafa hujja, danna "Add/Edit Citation", rubuta sunan marubucin, ita za ta saka. A ƙarshen aiki dannawa ɗaya ce ta jera maka manazarta bisa tsarin APA ko duk wanda sashenku ya zaɓa. Ranar da malami ya ce a canja tsari, minti ɗaya ne, ba kwana da gyaran waƙafi ba.

Sai dai ka riƙa duba abin da ta kwaso. Wani lokaci takan ɗauko take duk da manyan baƙaƙe, ko ta bar gurbin shekara babu komai, kuma haka zai fito a kundinka in ba ka gyara ba. Ka kuma buɗe asusu a shafinta domin bayananka su samu kwafi a intanet ko da kwamfutar ta lalace. Wurin ajiyar fayiloli na kyauta megabait 300 ne.

Tambaya: Na sa ChatGPT ya ba ni manazarta goma kan gyaran aikin gwamnati. Zan iya saka su kai tsaye?

Amsa: A'a. Irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira suna iya haɗa sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske, kamar Public Administration Review da ke fitowa tun 1940, su laƙaba musu taken maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba. A ido ba za ka gane ba. Ɗauki kowace ɗaya, sa takenta cikin alamar zance a Google Scholar. In tana da DOI, wato lambar shaidar maƙala wadda ke farawa da 10, manna ta a shafin doi.org ka ga ko za ta kai ka ga maƙalar da aka ambata. Wadda ba ta fito ba, cire ta. Wadda ta fito, buɗe ta ka karanta, ka tabbatar ta faɗi abin da kake shirin jingina mata kafin ta shiga kundinka.