Amsa ga 'yar'uwar da ta kasa jin kaset ɗin mahaifinta

'Yar'uwa, kin ce tun rasuwar Babanki ba kya iya jin kaset ɗin da yake so, har kina tunanin jefar da shi ki huta. Don girman Allah kar ki jefar. Na san wannan ciwon.

Ni nawa na Ɗan Maraya Jos ne. Mahaifinmu direban babbar mota ne, Jos zuwa Kano, kuma kaset ɗin nan ba ya fita daga rikodarsa sai in zare ya sarƙe, ya zaro shi ya naɗe da biro. Muna yara, waƙar Karen Mota dariya kawai take ba mu. Sai da na fara neman na kaina na gane abin da ya sa shi ba ya dariya. Shi ma da karen mota ya fara, kwana a ƙarƙashin mota, shan zagi a tasha, kuma maraya ya tashi kamar mai kuntigin. Yanzu in tsirkiyar nan guda ɗaya ta fara, kaina nake tuhuma: karatun da aka biya mini da wannan wahalar, me na yi da shi?

Abin da har gobe yake ci mini rai, ko sadakar bakwai ba a yi ba, yayanmu na ɗaya ɗakin ya kwashe kayan Baba wai tarkace ne, ya kira 'yan gwangwan. Rikoda, kwalin kaset, duk suka tafi. Na dawo daga raka masu gaisuwa na tarar da ɗaki wayam. Da na yi magana, buɗar bakinsa sai ya ce ai kiɗa ba ya amfanar mamaci. Wa ya ce yana amfana? Ni ne mai rai! A bayan kaset ɗin akwai rubutun Baba da ajami, da hannunsa, wannan a wace kasuwa zan saya? Muna gaisawa dai saboda zumunci, amma in na tuna, har abinci fita kaina yake yi.

Waƙoƙin na same su wajen masu turi, amma ba ɗaya ba ne. Ranar da Ɗan Maraya ya rasu a 2015 sabon makoki na yi.

Ke da naki yake hannu, ki kai wa mai gyaran rediyo ya juya miki a memori, asalin kuma ki killace shi inda rana da danshi ba sa kaiwa. Kar ki ji shi da daddare ke kaɗai. In kuka ya zo ki yi abinki, ki bi Babanki da addu'a. Kuma in ba a raba gado ba, ki fito fili ki ce kina son kaset ɗin tun kafin wani mai kauɗi ya yi shara. Allah ya jiƙan iyayenmu. Af, wane mawaƙi ne ma? Ba ki faɗa ba.